Daga bit 32 zuwa bit 64: abin da za mu sani kafin mu taɓa tsohuwar kwamfutar gida ko ta shago



Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10. Kwamfutar da ke aiki da ita za ta ci gaba da kunnuwa, amma kamfanin ya daina aiko mata da gyare-gyaren tsaro na wata-wata da ke toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi, sai ga wanda ya shiga wani shiri na ƙarin wa'adi. Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021, bit 64 kaɗai take da shi. Ke nan Windows 10 ce ta ƙarshe da ke da samfurin bit 32, kuma duk wanda kwamfutarsa ke kan wannan samfuri ya iso ƙarshen hanya.

A gidajenmu da shagunanmu akwai irin waɗannan kwamfutoci: wadda aka saya ta hannu, wadda wurin aiki ya bayar da za a sauya sabbi, wadda yaro ya gama makaranta ya bar wa mahaifinsa. A cikinsu ne muke ajiye hoton fasfo da takardun zama, takardun haraji, hotunan suna da na aure, lissafin adashi, da sunayen waɗanda suka biya kuɗin ƙungiya. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayanin wannan sauyi dalla-dalla. Abu guda muke so kowa ya riƙe tun daga farko: komawa bit 64 ƙaura ce. Babu wani maɓalli da za a danna kwamfuta ta sauya da kayanta a ciki. Sai an kwashe komai, an share ɗakin, an sa sabuwar Windows, sannan a mayar da kaya. Abin da aka manta ba a kwashe ba ya tafi.

Me ake nufi da bit 32 da bit 64?

Kwamfuta da alamomi biyu take duk lissafinta, sifili da ɗaya. Gurbin da ke ɗaukar ɗaya daga cikin alamomin nan biyu shi ake kira bit. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda masu gyara ke kira firosesa, ba ta aiki kai tsaye a rumbun ajiya. Tana ɗauko abin da take buƙata ta shimfiɗa a wani wurin aiki na wucin gadi mai suna RAM, kamar yadda tela ke shimfiɗa yadi a kan tebur kafin ya yanka. Kowane ɗan wuri a kan wannan tebur yana da lambarsa, kuma da lambar firosesa ke gano shi.

Mu ɗauki akawun tashar mota wanda tikitinsa ke da gurbi huɗu na rubuta lamba. Zai iya bayar da lamba daga 0000 zuwa 9999, tikiti dubu goma ke nan. Ko fasinjoji sun fi haka, ba shi da lambar da zai ba su. Haka tsarin bit 32 yake: gurbi 32 na sifili da ɗaya suna bayar da lambobi 4,294,967,296, wato gigabait 4. Daga cikin waɗannan ma ana ware wasu don katin hoto da sauran kayan ciki, shi ya sa Windows ta bit 32 yawanci gigabait 3 zuwa 3 da rabi take iya amfani da su. Wanda ya kashe kuɗinsa ya sa RAM mai gigabait 8 a irin wannan kwamfuta, fiye da rabi yana zaune banza. Ƙari a kan haka, kowace manhaja guda a al'ada ba ta samun fiye da gigabait 2, abin da ke sa ta tsaya cik idan an buɗe shafuka da yawa ko babban fayil na lissafi.

Kowane gurbi da aka ƙara yana ninka yawan lambobin sau biyu. Daga 32 zuwa 64 an yi wannan ninki har sau 32, adadin ya wuce duk RAM ɗin da wani zai saya. Windows 11 ta gida, wadda ake kira Home, tana iya aiki da gigabait 128.

Sauyin ya daɗe da farawa. Kamfanin AMD ya fitar da firosesa Opteron da Athlon 64 a 2003, Intel ya biyo baya a 2004, Microsoft ya fitar da Windows XP mai bit 64 a 2005. Amma shekaru da yawa bayan haka masu sayarwa da masu gyara sun ci gaba da sa Windows ta bit 32 a kan injin da zai iya ɗaukar 64, saboda a lokacin RAM ba ta da yawa kuma tsofaffin firintoci sun fi jituwa da ita. Daga nan aka samu kwamfutoci masu yawa da jikinsu na 64 ne, manhajarsu ta 32. A 2020 Microsoft ya daina ba masu ƙera kwamfuta samfurin bit 32 don sabbin injuna. Apple ya rufe tasa ƙofar tun da wuri: iOS 11 a 2017 da macOS Catalina a 2019 sun daina buɗe manhajojin bit 32.

Me ya sa ba za mu bar ta yadda take ba?

Dalili na farko tsaro ne. Kwamfutar da muke shiga banki da ita, muke aika kuɗi gida, muke cika takardun shige da fice, idan ta daina samun gyaran tsaro, duk sabuwar ɓarakar da aka gano a jikinta za ta zauna a buɗe. Office 2016 da Office 2019 ma a ranar 14 ga Oktoba 2025 aka daina kula da su.

Na biyu, masu yin manhajoji suna barin tsohon tsari ɗaya bayan ɗaya. QuickBooks Desktop, da masu shaguna da yawa ke riƙe lissafi da ita, tun samfurin 2022 sai a kan bit 64 take aiki. Nvidia ya daina yi wa Windows ta bit 32 sabbin direbobin katin hoto tun 2018. Mai shagon kayan abinci, mai aika kaya gida, mai cika wa mutane takardun haraji, duk wanda cinikinsa ya rataya a kan wata manhaja, gara ya san matsayinsa tun kafin ranar da za ta ƙi buɗuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai kada a ruɗe mu da cewa bit 64 ya ninka gudun kwamfuta. Amfaninsa yana bayyana ne idan akwai RAM mai gigabait 4 ko fiye. Injin da ke da gigabait 2 ba zai ƙara sauri ba, yana iya ma ƙara nauyi kaɗan, domin manhajojin bit 64 sun fi cin wuri.

Yadda za mu gane irin kwamfutarmu

Wannan dubawa ba ta ɓata komai, kuma minti biyu ya isa. A Windows 10 a buɗe Settings, a shiga System, a gangara zuwa About. A nan za a ga sunan firosesa, yawan RAM, da wani layi mai suna System type. Layin yana faɗin abu biyu: bit ɗin Windows da ke ciki, da kuma irin firosesar. Idan an ga x64 a ƙarshen layin, injin zai iya ɗaukar bit 64. Idan an ga x86, ba zai iya ba. A ɗauki hoton wannan shafi da waya, domin duk shawarar da za a yanke daga nan za ta fito.

Abin da aka gani zai sa kwamfutar a ɗaya daga cikin rukuni huɗu.

Rukuni na farko: Windows ɗin da ke ciki ta bit 64 ce tun asali. Yawancin kwamfutocin da aka saya sabbi a shekaru goman da suka wuce a nan suke. Babu ƙaurar bit a gabansu. Abin da ya rage shi ne a duba ko za su karɓi Windows 11, kuma idan za su karɓa, ana iya hawa ba tare da share kaya ba.

Rukuni na biyu: firosesar x86 ce. Nan ne ake samun ƙananan laftof na wajejen 2008 da 2009 masu Intel Atom N270, da injuna masu Core Duo na 2006. Waɗannan babu dabarar da za ta mayar da su bit 64, kuma duk wanda ya ce a biya shi ya yi hakan, kuɗi kawai zai ci. A kwashe kayan da ke ciki, a daina shiga banki da su.

Rukuni na uku: firosesar x64 ce, Windows ta bit 32, amma injin bai cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Sharuɗɗan su ne RAM gigabait 4, rumbun ajiya gigabait 64, wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, tsarin tashi na UEFI mai Secure Boot, da firosesar da ke cikin jerin da Microsoft ya amince da su. A taƙaice jerin ya fara ne daga zubi na 8 na Intel Core, wanda ya fara fitowa a 2017, da Ryzen 2000 na AMD. A sunan firosesar Intel, sau da yawa lambar farko bayan ɗan layi ita ke nuna zubi: i5-8250U zubi na 8 ne, i5-3320M zubi na 3 ne. Mu faɗi gaskiya, yawancin kwamfutocin da har yanzu ke kan bit 32 a wannan rukuni za su faɗa.

Rukuni na huɗu: firosesar x64 ce, Windows ta bit 32, kuma injin ya cika sharuɗɗan. Wannan shi ne mai sa'a. Za a share a sa Windows 11 kai tsaye.

Zaɓin masu rukuni na uku

Hanya ta farko ita ce sayen lokaci. Microsoft ya buɗe shirin ƙarin gyaran tsaro mai suna ESU, wanda ya sanar cewa ga kwamfutocin gida zai kai 13 ga Oktoba 2026. Ana shiga ta hanya uku: a biya dala 30, ko a bayar da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko a haɗa saitin kwamfuta da asusun Microsoft kyauta. Dole Windows 10 ɗin ta kasance samfurin 22H2. Na kamfanoni daban ne, dala 61 kowace kwamfuta a shekarar farko. Amfanin wannan shiri shi ne a sami sararin tara kuɗin wata kwamfutar. Wanda ya zaɓi wannan hanya ya yi tunani kafin ya sha wahalar komawa Windows 10 ta bit 64, domin ita ma wa'adinta ɗaya da ta 32.

Hanya ta biyu ita ce barin Windows. Linux Mint kyauta ce, fuskarta ta yi kama da ta Windows, kuma tun samfuri na 20 da ya fito a 2020 bit 64 kaɗai take yi. ChromeOS Flex ta kamfanin Google ita ma kyauta ce, tana buƙatar firosesa ta bit 64, RAM gigabait 4 da rumbu gigabait 16. Ga dattijon da aikinsa shi ne karanta labarai, kallon YouTube, duba imel da kiran iyali ta bidiyo, ko wacce daga cikin biyun za ta wadatar. Ga mai shagon da ya dogara da manhajar da aka yi wa Windows kaɗai, wannan hanya ba tasa ba ce.

Hanya ta uku ita ce sayen wata. Ba dole sai sabuwa ba. Kwamfutocin ofis da aka gyara aka sake sayarwa suna da yawa a kasuwa. Kafin a biya a nemi ganin shafin About, a tabbatar firosesar tana cikin jerin Windows 11. Akwai masu sayarwa da ke cusa Windows 11 ta bayan gida a kan injin da bai cancanta ba, kuma Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da aika wa irin waɗannan injuna gyara ba. Araha ba ta ado.

Akwai kuma wasu ƙananan kwamfutocin hannu masu firosesar Atom ta wajejen 2013 da 2014 da ke nuna x64, amma tsarin tashinsu na bit 32 ne, don haka Windows ta bit 64 ba ta hawa kansu. Idan filashin da aka shirya ya ƙi tashi a kan irin wannan, kada a yi ta dambe da shi.

Abin da zai tsira da abin da ba zai tsira ba

Takardu, hotuna, bidiyo da sauti ba ruwansu da bit. Fayil ɗin da aka rubuta a tsohuwar Windows zai buɗu a sabuwa. Yawancin manhajojin bit 32 ma suna aiki a kan Windows ta bit 64, wadda ke ajiye su a wata jaka ta daban, sai dai dole a sake sa kowacce daga farko.

Abu biyu ne ke kawo matsala. Na farko direba, wato ƙaramar manhajar da ke fassara tsakanin Windows da na'urar da aka jona mata. Direban bit 32 ba ya aiki a kan bit 64 ko kaɗan. Firinta, sikana, injin buga rasit, injin buga lambar kaya, sikelin da ke jone da kwamfuta, kowanne sai an shiga shafin kamfanin da ya ƙera shi an tabbatar akwai direban bit 64 na Windows ɗin da za a sa. A yi wannan bincike kafin a share komai. Na biyu, manhajoji masu tsufa sosai na bit 16, na zamanin DOS da Windows 3.1, ba sa buɗuwa a Windows ta bit 64. Idan shago yana da irin wannan da bai da madadinta, a bar ta a tsohuwar kwamfutar, a cire wa kwamfutar intanet, a sayi wata don sauran ayyuka.

Lasisin Windows ba ya ɓacewa. Idan Windows 10 ɗin da ke ciki ta halal ce kuma tana kunne, injin yana da lasisi a rajistar Microsoft, kuma zai kunna kansa da zarar an jona intanet, muddin an sa irin samfurin da yake da shi: Home a kan Home, Pro a kan Pro.

Kwashe kaya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake asara. A sami rumbun ajiya na waje ko babban filashi, a kwafi jakunkunan Documents, Pictures, Videos, Downloads da duk abin da ke kan fuskar kwamfuta. Idan mutum biyu ko uku ke amfani da injin, kowa yana da nasa jakunkunan, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Sannan a nemi abubuwan da ba sa zama a waɗannan wurare: fayil ɗin lissafin shago, tsofaffin wasiƙun Outlook, da kalmomin sirri da shafukan da aka adana a Chrome, Edge ko Firefox. Dattawanmu da yawa ba su riƙe kalmar sirrin imel ɗinsu a ka ba, domin kwamfutar ce ke tuna musu shekara da shekaru. Kafin a share, a gwada shiga kowane asusu mai muhimmanci daga wata na'ura, a tabbatar lambar wayar da ake turo wa lambar tabbatarwa tana hannu. Idan tsohon layi ne na Gana ko Nijar da ya daina aiki, a sauya shi tun kwamfutar tana shiga asusun.

A rubuta sunayen manhajojin da ake amfani da su da lambobin lasisin waɗanda aka saya. A yi kwafi biyu a wurare biyu, sannan a kai ɗaya wata kwamfutar a buɗe fayiloli da dama a gani da ido. Kwafin da ba a gwada ba, ba a san ko yana nan ba.

Akwai dabarar da muke ba kowa shawara a kanta idan injin yana buɗuwa. A sayi sabon rumbu irin na SSD, a cire tsohon a ajiye shi yadda yake, a sa sabuwar Windows a kan sabon. Idan wani abu ya lalace, ko aka tuna da fayil bayan wata biyu, tsohon rumbun yana nan. Kuma sauya tsohon rumbu mai juyawa da SSD ya fi komawa bit 64 ƙara wa kwamfuta sauri.

Ranar ƙaura

A zaɓi ranar da babu aiki na gaggawa. Mai cika takardun haraji kada ya yi wannan daf da 15 ga Afrilu, ɗalibi kada ya yi a makon jarrabawa. A nan yankin mun san yadda hadari na bazara da ƙanƙarar hunturu ke ɗauke wuta, don haka a duba yanayi, a bar laftof jone da caja.

Ana buƙatar filashi mai aƙalla gigabait 8 wanda babu komai a ciki, domin za a goge shi. A wata kwamfutar mai lafiya a shiga shafin Microsoft na ainihi a sauko da Media Creation Tool, ita za ta shirya filashin. Kada a karɓi Windows daga wani shafi ko daga filashin da ba a san asalinsa ba, domin ta nan ake shigo da manhajar leƙen asiri. A cire rumbun da aka kwafi kaya a ciki daga jikin injin, don kada a goge shi bisa kuskure. A soka filashin, a kunna, a danna maɓallin zaɓen tashi: yawanci F12 a Dell da Lenovo, F9 a HP. Danna fayil ɗin sawa daga cikin tsohuwar Windows ba zai yi ba, dole injin ya tashi daga filashin. Idan an zo wurin zaɓi, a ɗauki sawa sabuwa fil, a nuna rumbun da za a sa a ciki, a bar shi ya gama. Bayan haka a jona intanet, a bar Windows Update ta sauko da duk abin da take so, sannan direbobi, sannan manhajoji, sannan a mayar da kaya. Mai rubutu da Hausa ko Larabci ya koma saitin harshe ya ƙara allon rubutunsu, domin a nan ne ƙ, ɗ da ɓ suke.

Asusun na mai kwamfuta ne

Windows 11 ta gida tana neman asusun Microsoft lokacin sawa. Matasa, a nan muke roƙonku. Idan kuna yi wa Baba ko Mama aikin, kada ku sa asusunku don ku gama da wuri. Sabbin samfuran Windows 11 suna kulle rumbun ajiya da kansu a kan injuna da yawa, kuma mabuɗin ceto, mai lambobi 48, yana tafiya ne asusun da aka shiga da shi. Ranar da kwamfutar ta nemi mabuɗin, ku kuwa kun koma Charlotte ko Atlanta, ko kun manta kalmar sirri, kayan dattijo sun kulle. Ku buɗe masa nasa asusun, ku rubuta kalmar sirri da mabuɗin a takarda, ya ajiye tare da fasfo ɗinsa. Kwamfutar ƙungiya ko ta shago kuma a sa ta a asusun ƙungiyar, mutum biyu su san kalmar.

Iyayenmu kuma, ku sani Microsoft ba ya kiran mutum a waya haka kawai ya ce kwamfutarsa ta kamu da cuta. Duk wanda ya kira, ko saƙo ya fito a fuskar kwamfuta da lambar waya yana cewa a kira a biya don sabuntawa, ɗan damfara ne. Ku kashe, ku kira ɗanku ko wanda kuka amince da shi.

Wadda za a aika gida da wadda za a yar

Al'adarmu ce idan za a cika ganga ko kwantena, a sa tsohuwar kwamfuta don ɗan uwa a Nima, Mamobi, Sabon Zango, Kumasi, Tamale ko Yamai. Kyautar tana da amfani idan injin zai yi aiki. Wanda ke rukuni na uku, aka sa masa SSD da Linux Mint, zai yi wa ɗan makaranta hidima. Wanda ke rukuni na biyu kuwa, kuɗin dakonsa ya fi darajarsa, kuma ƙarshensa hannun masu fasa ƙarfe. Mutanen Ankara sun san hayaƙin da ya riƙa tashi daga Agbogbloshie shekaru da yawa kafin hukuma ta rushe wurin a Yulin 2021. A kuma tuna wutar Amurka bolt 120 ce, ta Gana 230. Cajar laftof yawanci tana ɗaukar duka biyun, amma wasu tsofaffin kwamfutocin tebur suna da ɗan jan makunni a baya da dole a juya kafin a jona.

Ko aikawa za a yi ko yarwa, kada rumbun ya fita da kayanmu a ciki. Goge fayil da hannu ba ya kawar da shi. A 2009 wasu ɗaliban aikin jarida na Jami'ar British Columbia ta Kanada sun sayi tsohon rumbun kwamfuta a kasuwa a Gana, suka tarar da takardun kwangilar wani kamfanin tsaro na Amurka a ciki. Namu rumbun yana ɗauke da lambar Social Security da hoton takardun zama. A yi amfani da zaɓin Windows na mayar da kwamfuta sabuwa tare da tsabtace rumbu gaba ɗaya, ko a cire rumbun a riƙe shi a gida.

Dokar jihar Karolina ta Arewa ta hana zubar da kwamfuta da talabijin a bola tun 1 ga Yuli 2011. Mazauna gundumar Guilford suna iya kai kayan lantarki na gida wurin karɓar shara mai haɗari da ke titin Patterson a Greensboro. Idan injin yana da sauran ƙarfi, cibiyar Kramden da ke Durham tana karɓar kwamfutoci, ta gyara, ta ba ɗaliban da ba su da ita.

Abin da muke roƙo a wannan mako

Muna da matasa da ke karatun kwamfuta a GTCC nan Jamestown, da A&T da UNCG. Muna da dattawa da suka san abin da ke cikin kwamfutar gida da muhimmancin kowace takarda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowane gida, kowane shago da kowane sakataren ƙungiya ya buɗe shafin About, ya ɗauki hotonsa, ya san rukuninsa. Ko an yanke shawarar ƙaura ko ba a yanke ba, a kwafi kayan da ke ciki zuwa wuri biyu a makon nan. Matashi kada ya danna gogewa sai mai kayan ya zauna kusa da shi ya ga takardunsa da hotunansa sun buɗu a wata kwamfutar, ya ce a ci gaba.

Ku isar da wannan bayani ga waɗanda ba sa duba wannan shafi, musamman iyayenmu mata da masu shaguna.